Basketball GM: Ƙarfinsa, Rauninsa, da Wanda Zan Ba Ƙuri'ata a Zaɓen Janar Manajan Bana

Basketball GM wasan ƙwallon kwando ne da ba za ka taɓa riƙe ƙwallo a cikinsa ba. Ba gudu, ba tsalle, ba danna maɓalli don ɗan wasa ya jefa a raga. Kujerar janar manaja ake ba ka. Kai ne mai ɗauko 'yan wasa, mai musayarsu, mai sa hannu a kwantiragi, mai yanke kuɗin tikiti, sannan ka koma gefe kwamfuta ta buga wasannin ta kawo maka sakamako. Wani Ba'amurke mai suna Jeremy Scheff ne ya rubuta shi. Kyauta ne, a burauza ake buɗe shi, ko a waya ko a kwamfuta, ba sai ka sauke komai ba. Na daɗe ina son in faɗi ra'ayina a kansa, sai ga kakar gasar da muke yi da abokaina a cikinsa ta ƙare an buɗe zaɓen gwarzon janar manaja na shekara. Gardamar da wannan zaɓe ya tayar ita ce ta fi nuna mini inda wasan yake da ƙarfi da inda ya gaza, shi ya sa zan haɗa su biyun.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ɗan sha mamaki da farko, domin tsarin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, aka bi. A nan ba ka ɗaukar kuɗi ka je ka sayo ɗan wasa. Musaya ake yi: ka ba da mutum ka karɓi mutum, ko ka haɗa da damar zaɓenka ta shekara mai zuwa. Kulob 30 ne, kowa yana buga wasa 82, sai a shiga zagayen fitar da gwani inda sai ka ci abokin karawarka sau 4 kafin ka wuce. Bayan kaka ta ƙare akwai zaɓen matasa, zagaye biyu, kuma waɗanda suka fi shan kashi su suka fi samun damar fara zaɓa. Akwai iyakar albashi. Kana iya haura ta don riƙe ɗan wasan da yake hannunka, amma da zarar ka haura, ba za ka iya ɗauko na waje ba sai a kan mafi ƙanƙantar albashi, kuma in za ka yi musaya, albashin da zai shigo ba zai wuce kashi 125 cikin ɗari na wanda ya fita ba. In ka ƙara zarcewa, harajin wuce iyaka ya hau kanka. Mai kulob kuma yana kallo: nasara, zagayen fitar da gwani, da riba. Idan kana buga wasan kai kaɗai ka ɓata masa rai shekaru a jere, zai sallame ka.

Abin da ya fara kama ni shi ne sauƙinsa. Da zarar shafin ya buɗe, lissafin duk a cikin wayarka yake gudana, ba ya cin data kamar sauran wasanni, kuma waya mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa. Kana iya gama kaka guda kafin a sauke tukunyar shayi. Kana iya zaɓar gasar ƙage, mai kulob irin su Baltimore Crabs da Portland Roses da Seattle Symphony, ko ka ɗauki 'yan wasa na gaskiya daga kowace shekara tun 1947. Duk ɗan Najeriyar da na nuna wa wasan, abin da yake fara nema shi ne shekarar 1984, don ya ga Hakeem Olajuwon yana saurayi.

Mu dai gasar ƙage muke yi. Yawancinmu a filayen ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello muka san juna, yanzu aiki ya warwatsa mu, wasu a Kaduna, wasu a Kano, wasu a Abuja. Gwiwa ta daina ba da haɗin kai, amma son abin yana nan. Mu goma sha wani abu ne, kowa da kulob ɗinsa, sauran kulob ɗin kwamfuta ke riƙe da su. Kuma a nan ne babban raunin wasan yake: an gina shi ne don mutum ɗaya. Babu wurin da kowa zai shiga da sunansa ya taɓa kulob ɗinsa kai tsaye. Dole a samu mutum guda, mu kwamishina muke ce masa, ya riƙe gasar a kwamfutarsa, ya kunna tsarin da ke ba shi damar juya kulob da yawa, kowa ya turo masa abin da yake so ta WhatsApp, shi ya shigar da hannunsa, ya buga wasannin mako, ya fitar da fayil ya turo mana mu buɗe mu gani. Aiki ne ja. Kwamishinanmu ma'aikacin banki ne, sau da yawa sai bayan sallar isha'i yake zama ya bi saƙonninmu ɗaya bayan ɗaya. Kuma ikon da wasan ya ba shi ya yi yawa, zai iya ƙara wa ɗan wasa ƙarfi ko ya tilasta musaya ba wanda ya sani. Gasar irin wannan amana ce ke riƙe da ita, ba manhajar ba. Shi ya sa muka yarda kwamishina ba zai riƙe kulob ba.

Kyautar gwarzon janar manaja mu muka tsara abarmu, muka kwaikwayi ta NBA, inda shugabannin kulob-kulob su ne ke zaɓa a tsakaninsu. Kowa ya rubuta mutum uku, ba a zaɓar kai. Ba za ka yi zancen wannan kyauta a gaban 'yan Zariya ba tare da sunan Masai Ujiri ya fito ba. A Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya girma, a can ya koyi ƙwallon. A 2013 ya ci kyautar yana janar manajan Denver, shi ne mutum na farko da ba Ba'amurke ba da ya ɗauke ta. Abin da ya ba shi ita ya dace da gardamarmu sosai. A Fabrairun 2011 ya musanya Carmelo Anthony, tauraron kulob ɗin da ya ƙudurta tafiya, zuwa New York, ya karɓo tarin 'yan wasa matsakaita. Kowa ya ɗauka Denver ta mutu. A kakar 2012 zuwa 2013 suka ci wasa 57, ba tare da ko mutum ɗaya nasu ya shiga wasan taurari ba. Ba su ɗauki kofi ba, a zagayen farko ma Golden State ta fitar da su. Shekarar da Ujiri ya ɗauki kofi da Toronto kuwa, 2019, Jon Horst na Milwaukee aka ba kyautar. Wato ko a can, kofi daban, kyautar manaja daban.

Mutum uku ake ta ambata a zaurenmu na WhatsApp bana.

Na farko mai riƙe da kulob ɗin birnin Meziko, wanda ya ɗauki kofi. Ba na raina abin da ya yi. Ya ga ƙofa a buɗe ya shiga da ƙarfinsa, ya tattara taurari uku, ya ci gasar ba tare da an kai shi wasa na bakwai ba ko sau ɗaya. Hujjarsa a taƙaice take: “Kofi aka zo nema, ga shi a hannuna.” Amma wasan yana da shafin kuɗi, kuma wannan shafi yana cikin abubuwan da na fi yaba masa. Yawan mutanen gari yana shafar kuɗin shiga, birnin Meziko kuwa yana cikin mafi girma a gasar. Abin da zai karya ƙaramin kulob shi ko a jikinsa. Ya yi nisa cikin harajin wuce iyaka, ya ba da damar zaɓensa ta zagayen farko ta shekaru masu zuwa, kuma biyu daga taurarin nan sun haura shekara 30. A wannan wasa, kamar a zahiri, ɗan wasa yana kaiwa nan gudu da tsalle suke fara zubewa, kana iya wayar gari farkon kaka ka ga makin ƙarfinsa ya sauka da yawa, albashin kuma yana nan daram.

Na biyu mai Seattle. Shi ya tara matasa masu alamar gobe da damar zaɓe fiye da kowa. Sai dai hanyar da ya bi ba ta kwanta mini ba. Ya zaunar da manyan 'yan wasansa a benci, ya riƙa faɗuwa da gangan don ya samu zaɓen farko. Wasan yana barin ka yi haka, akwai wurin da za ka rage wa ɗan wasa mintuna har zuwa sifiri. An taɓa yi a NBA, Philadelphia ta ci wasa 10 kacal ta faɗi 72 a kakar 2015 zuwa 2016, kuma irin wannan ne ya sa aka gyara ƙuri'ar zaɓen matasa daga 2019, ta yadda kulob uku mafi rauni kowa kashi 14 cikin ɗari kawai yake da shi na samun zaɓen farko. A gasar abokai abin ya fi ɓaci, don duk wanda ya faɗo rukuninsa nasara yake kwasa a banza. Ba zan sa shi cikin ukuna ba.

Na uku, wanda nake gabatarwa, shi ne mai Portland. Malamin lissafi ne a wata sakandare, ba mai yawan magana ba ne a zaure. Portland ƙaramin gari ne a wasan, kuɗin shiga kaɗan, kuma ya gaji kulob ɗin ne daga wani da ya bar gasar, da kwantiragi biyu masu nauyi a wuyansa. Abu ɗaya mai daraja da yake da shi shi ne tauraronsa, ɗan shekara 31, mai maki 68, wanda kwantiraginsa ke ƙarewa a ƙarshen kaka. Ga wanda bai san ma'aunin ba, makin daga 0 ne zuwa 100, kuma duk wanda ya haura 65 tauraro ne na gaske.

Ga inda wasan ya nuna zurfinsa. Kowane ɗan wasa yana da halinsa: wani kuɗi ne a gabansa, wani suna, wani nasara, wani kuma riƙon amana ga kulob. In ka taɓa alamar halin, za ta nuna maka abin da ke faranta masa da abin da ke ɓata masa, har da yiwuwar ya yarda ya sabunta kwantiragi. Tauraron Portland mai son suna ne da nasara, kuma alƙaluman sun nuna da wuya ya zauna. Yawancinmu ba ma buɗe wannan wuri sai lokacin sabunta kwantiragi ya zo, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shi malam tun tsakiyar kaka ya duba. Daren rufe musaya ya turo wa kwamishina cewa ya amince ya ba mai Meziko tauraron, ya karɓi mutum uku da damar zaɓe guda: wani matashi ɗan shekara 22 mai raba ƙwallo da ke zaman benci, wani dogo mai tsaron ƙarƙashin raga da ba ya cin maki, da wani tsoho da aka haɗa don albashi ya daidaita.

Zaure ya kaure. Wani ya rubuta, “Haba Malam, kyauta ka koma yi?” Kwamishina da kansa ya tambaya a fili: “Malam, ka tabbata? In na danna ba komawa.” Amsar da ya bayar ita ce, “Danna, Yallabai. Na duba littafina.” Littafin na gaske ne, na gan shi da idona a Kaduna. Littafin rubutu ne irin na ɗalibai, ya ja layi da jan biro, kowane ɗan wasa na gasar da ya ja hankalinsa yana da layinsa: shekaru, shekarar da kwantiragi zai ƙare, albashi, da wasu 'yan haruffa a gefe.

Haruffan nan su ne sirrin. Wasan yana liƙa wa ɗan wasa ƙananan alamomi a gefen sunansa in ya ƙware a wani fanni: mai jefa maki uku, mai riƙe ƙwallo, mai rabawa, mai tsaron ciki, mai tsaron waje, mai tsinto ƙwallo in ta dawo daga raga. Ba ado ba ne. Injin wasan yana duba ko mutum biyar da ke fili sun cike wa juna, ya ƙara musu ƙarfi in sun dace. Mutum biyar masu babban maki da duk abu ɗaya suka iya za su iya shan kashi a hannun biyar da ba su kai su ba amma kowa da aikinsa. Malam yana da masu jefa maki uku har su uku tun da farko, abin da ya rasa shi ne mai raba musu ƙwallo da mai tsare musu raga. Su ya je ya ɗauko. Kamar dillalin da ya san shanu ne a kasuwar Wudil, jama'a na kewaye da bijimin da ya fi ƙiba, shi yana can gefe yana buɗe bakin maraƙi yana duba haƙora.

Ya kuma yi wani abu da ba a gani a teburin gasa. Kasafin kulob ya kasu zuwa masu farauto 'yan wasa, masu horarwa, lafiya, da kayan aiki. In ka matse kuɗin masu farauta, makin da za ka gani a kan matasa ba daidai ba ne, akwai hazo a kai, kana iya ɗaukar wanda ake zaton zai kai 70 ya ƙare a 50. Shi ya rage a wajen kayan aiki ya zuba a farauta da horarwa, duk da ya san hakan zai rage wa kulob ɗin kwarjini a idon 'yan wasan waje. Ya ce ai dama ba su zuwa Portland. Matashin da ya ɗauka can ƙarshen zagayen farko a bara shi ya zo na biyu a kyautar sabon ɗan wasa.

Portland ta gama kaka da nasara 51, ta wuce zagaye biyu, ta faɗi a hannun Meziko a wasan ƙarshe na yanki. Tsohon tauraronsu ne ma ya fi kowa cin maki a kansu, kuma masu adawa da ra'ayina sun riƙe wannan. Amma albashin Portland yana ƙasa da iyaka, damar zaɓensa duk suna hannunsa har da ƙari, manyan 'yan wasansa biyar babu wanda ya kai shekara 28, kuma kulob ɗin ya ci riba.

Akwai hujja guda da mai Meziko ya kawo wadda ta tsaya mini a rai, kuma da Masai Ujiri ya kafa ta. Ya ce ai a Yulin 2018 Ujiri ya ba da DeMar DeRozan, wanda duk Toronto ke ƙauna, da Jakob Poeltl da damar zaɓe, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green, alhali shekara ɗaya ta rage a kwantiragin Kawhi. Ya yi kasada, ya ci kofi, Kawhi ya tafi, ba wanda ya ce ya yi kuskure. Gaskiya ne. Sai dai a duba abin da ke ƙarƙashin kasadar. Pascal Siakam ɗan Kamaru na 27 aka zaɓe shi a 2016, OG Anunoby na 23 a 2017, Fred VanVleet kuwa ba wanda ya zaɓe shi ma. A tawagar da ta ci kofin 2019 babu ko mutum ɗaya da aka zaɓa cikin 14 na farko. Bayan Kawhi ya tafi, Toronto ta ci wasa 53 ta faɗi 19 a kakar da ta biyo. Ujiri ya yi kasadar ne yana da gida a ƙasa. Mai Meziko ya haɗa har da gidan ya bayar.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba a wasan ba su da yawa, amma ya kamata mai shiga ya sani. Kulob ɗin da kwamfuta ke riƙewa ana iya yi musu wayo a musaya. Akwai maɓallin da za ka tambayi ɗaya ɓangaren me za ka ƙara ya yarda, kuma mai haƙuri zai iya bin wannan hanya a hankali ya kwashe musu damar zaɓe. Ƙara wahalar wasan yana rage wannan, bai kawar da shi ba. Mu dole muka sa doka: musaya biyu kawai da kwamfuta a kaka, kuma sai zaure ya gani kafin a aiwatar. Na biyu, gasar a cikin burauza take zaune, ba a intanet ba. In ka share bayanan burauza ko waya ta lalace, ta tafi ke nan, sai in ka fitar da fayil ka adana. Kwamishinanmu duk mako yake ajiye kwafi a wuri biyu. Na uku, komai da Turanci ne, cike da gajerun haruffa na alƙaluma, kuma teburan suna da faɗi, a ƙaramar waya sai kana ja hagu da dama. Akwai talla a gefe, ana cire ta in ka biya kuɗin wata, ni ba ta dame ni ba.

Wanda yake son ganin 'yan wasa suna gudu a fili, wannan ba nasa ba ne. Fuskokin zane ne kawai, wasan kai tsaye kuma rubutu ne ke gangarowa layi-layi: wane ya jefa, wane ya tare, wane ya ji rauni. NBA 2K ya fi shi kyan gani nesa ba kusa ba, kuma shi ma yana da ɓangaren manaja, amma sai ka saya, sai ka mallaki na'ura mai ƙarfi, sai ga wuta. Masu son Football Manager kuwa za su ga babu ruwan wannan da tsara dabarun fili dalla-dalla, jerin 'yan wasa da mintunansu kawai kake taɓawa. Kada kuma sunan ɗan'uwansa Football GM ya ruɗe ka, ƙwallon Amurka ce ta masu hular kwano, ba tamu ba.

Duk da haka ina ba da shawararsa ga duk mai son ƙwallon kwando da lissafi, musamman in akwai abokai da mutum mai amana da zai riƙe muku fayil. Ku fara da gasar ƙage, don kada sanin sunaye ya ba wani fifiko, ku rubuta dokokinku kafin a buga wasan farko, ku hana kwamishina riƙe kulob.

Ƙuri'ata na riga na tura wa kwamishina. Mai Portland na ɗaya. Mai Meziko na biyu, don kofi ba abin wasa ba ne kuma ya yi aiki kafin ya same shi. Na uku na ba mai Baltimore, wanda babban ɗan wasansa ya tsinke jijiyar gwiwa a watan farko, bai zubar da kakar ba, ya tsinto mutum biyu a kan mafi ƙanƙantar albashi ya lallaɓa har ya shiga zagayen fitar da gwani a gurbi na ƙarshe. Ranar Juma'a bayan isha'i za a rufe zaɓe, kuma har yanzu mutum huɗu ba su turo nasu ba.